Yadda Na Haɗa Sabar Lokaci Mai Karɓar Agogo Daga Tauraron Ɗan Adam

Abin da ya sa na shiga wannan aiki shi ne wata rana da aka nemi in gwada hotunan kyamarorin tsaro na ofishinmu da rajistar na'urar shigowar ma'aikata, sai na tarar kowace na'ura da nata agogon, har tazarar ta kusa kai minti huɗu. Dukansu an saita su su nemi lokaci a intanet ta tsarin NTP, wanda David Mills na Jami'ar Delaware ya ƙirƙira a shekarun 1980, amma layinmu yakan yanke, kuma da zarar ya yanke kowane agogo sai ya kama gabansa. Na yanke shawarar samar mana da majiyar lokaci a cikin gida.

Kayan aikin ba su da yawa: ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi, da allon karɓar siginar GPS na kamfanin u-blox, da eriya mai doguwar waya. Taurarin GPS, waɗanda ke shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200 daga ƙasa, suna ɗauke da agogunan atam, saboda haka duk kwamfutar da ke karɓa kai tsaye daga gare su tana zama saba ta matakin farko, wato kwamfutar da ke raba wa wasu lokacin da ta samo daga asalin majiya, sauran na'urori kuma su riƙa tambayar ta lokaci ta ƙofa ta 123, lambar hanyar sadarwa da aka keɓe wa NTP. Sanya manhajojin gpsd, mai karanta bayanan allon GPS, da chrony, mai daidaita agogon kwamfuta da raba lokaci, bai ɗauke ni rabin awa ba.

Wahalar farko ta eriya ce. Na ajiye ta a kan tebur a ƙarƙashin rufin kwano, na wuni ina zuba wa fuskar kwamfuta ido ba tare da ta kama taurari huɗun da ake buƙata ba, har na fara zargin an sayar mini da jabu. Da na huda gefen taga na fitar da ita inda take kallon sararin sama, kafin in gama tattara sukurai fitilar allon ta fara ƙiftawa sau ɗaya a kowane sakan.

Wannan ƙiftawar ce ban ba ta muhimmanci ba da farko, alhali ita ce ginshiƙin aikin. Allon yana bayar da lokaci ta hanyoyi biyu. Ta farko saƙon rubutu ne da ake kira NMEA, wanda ke faɗin ranar da awar da sakan ɗin da ake ciki, sai dai yana bin waya a hankali, don haka yakan iso a makare da wani kaso na sakan, kuma makarar ba ta tsayawa wuri guda. Ta biyu bugun lantarki ne mai suna PPS, wanda ba ya faɗin ko ƙarfe nawa ne, amma yana nuna daidai inda sabon sakan ya fara. Ni kuwa ta farko kaɗai na haɗa, sai na ga sabar da nake taƙama da ita ta fi ta intanet tangal-tangal. Sai da na jona wayar bugun a fil na GPIO 18, ɗaya daga cikin filolin jona waya da ke jikin Raspberry Pi, na auna makarar saƙon na rubuta ta a saitin chrony, na kuma umarce shi ya ɗauki lambar sakan daga NMEA, farkonsa kuma daga PPS, sannan kuskuren ya sauko zuwa 'yan kaso cikin miliyan na sakan.

Agogon GPS yana gaba da lokacin duniya na UTC da sakan 18 tun farkon 2017, amma allon da kansa yake cire wannan bambanci, don haka ban taɓa komai ba a nan. Abin da na taɓa shi ne wuta: irin kwamfutar da na yi amfani da ita ba ta da batirin riƙe agogo, kuma duk sanda aka koma janareto sai ta tashi da tsohon lokaci, shi ya sa na ɗora ta a kan inbata. Daga baya na kuma lura a jadawali cewa saurin agogon cikinta yana sauyawa tsakanin sanyin asuba da zafin azahar, sai na ɗauke ta daga bakin taga na sa ta cikin akwatin da zafinsa ba ya yawan canzawa, eriyar kaɗai na bari a waje.