Shekara Biyu a Kan Keke Tsakanin Gida da Makaranta

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke arewa maso gabashin garin Ringim, a Jihar Jigawa. Tsakanin ƙofar gidana da ajin da nake koyarwa akwai tafiyar kilomita 11, wadda kusan rabinta kwalta ce, sauran kuwa burji ne da rairayi. Na daɗe ina yin wannan tafiya a kan babur ba tare da na ɗauke ta a bakin komai ba, har ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000, a wajen 'yan bumburutu ma, waɗanda su ne gidan man mutanen karkara, ta fi haka tsada. Na yi wata huɗu ina ta maza, har sai da na zauna wata rana da biro da takarda na lissafa abin da tankin babur yake ci a cikin albashina, na ga cewa ina zuwa aiki ne domin in samu kuɗin zuwa aiki.

A kasuwar Gujungu, wadda take ci ranar Lahadi, na sayi keken. Dillalin ya fara nuna mini irin na gwanjo masu giya, waɗanda samari suke so, marasa nauyi kuma masu kyan gani, kuma ba zan ɓoye ba, raina ya so su. Wani dattijo da ke tsaye a gefe yana cinikin taya shi ne ya tambaye ni irin hanyar da zan riƙa bi, da na gaya masa sai ya ce, “Malam, ka sayi wanda mai facin ƙauyenku zai iya gyarawa da guduma da sifana.” Da wannan magana na bar mai giya na ɗauki tsohon Phoenix, baƙi, mai birkin ƙarfe da kariya a baya, irin wanda yake kama da Rali ɗin da mahaifinmu ya saya da kuɗin gyaɗa tun kafin a haife ni. Yana da nauyi, ba ya da sauri, amma babu ƙauyen da za ka shiga a ƙasar Ringim ka rasa sarƙarsa ko tayarsa ko kuma wanda ya san ciwonsa. Wani abokin aikina da ya sayi mai giya a wannan lokaci sai da kekensa ya yi mako uku a jingine, ana jiran a kawo masa wani ɗan ƙarfe daga Kano.

Makon farko ban ji daɗi ba. Tafiyar da nake yi a minti 20 ta koma ta awa ɗaya da 'yan mintoci, cinyoyina suka yi tsami, gwiwoyina suka riƙa ciwo har ina jin zaman tahiya yana yi mini wuya. Na ɗauka tsufa ne, ashe sirdin ne ya yi ƙasa. Mai facin da ke bakin kwalta, wanda duk muke kira Baba, shi ya lura da yadda nake tuƙi ƙafafuna a tanƙware, ya tsayar da ni ya ɗaga sirdin har sai da ƙafata take kusan miƙewa idan feda ta kai ƙasa, bai karɓi ko kwabo ba. Cikin kwana uku ciwon gwiwar ya tafi. Zuwa ƙarshen wata na farko ina isa makaranta a minti 45 idan hanya ta yi kyau, kuma daga nan ne na fara gane cewa nisan ba shi ne babban abin ba, domin nisa ba ya canzawa, jiki kuwa yana sabawa da shi. Abin da yake canzawa ita ce hanyar, kuma ita ce ta ɗauke ni shekara guda cur kafin in san halinta.

Wanda yake kan babur hanya ɗaya ya sani duk shekara, mai keke kuwa hanyoyi huɗu yake bi a wuri guda. Da kaka na fara, lokacin da ƙasa take da sauran danshi ta daddale, keke yana gudu kamar a kan daɓe, amma a lokacin ne ƙaya take cin kasuwarta. Tsidau da ya bushe a gefen hanya, da ƙayar aduwa da ta bagaruwa da manoma suke sarewa su yi shinge, su ne suka sa na yi faci sau biyar a wata ɗaya. A rana ta farko da taya ta sace mini a tsakiyar daji na tura keken fiye da kilomita uku, na isa makaranta yara sun riga sun fita tara, ina jiƙe da gumi, kunya kuma ta ishe ni. Tun daga ranar ba na fita sai da famfo ɗaure a jikin keke, da sholisho da 'yan guntayen roba da ƙaramar sifana a cikin jaka. Baba ya koya mini yadda ake gano huda ba tare da kwanon ruwa ba, ta hanyar kusanto da tub ɗin zuwa leɓe ko kunci har a ji iska, ya kuma ja mini kunne cewa kada in mayar da tub sai na shafa cikin tayar da yatsa na ciro ƙayar, in ba haka ba facin banza na yi. Dabarar da ta fi yi mini amfani ita ce shimfiɗa tsohon tub da aka tsaga a tsakanin taya da sabon, abin da ya ƙara wa keken ɗan nauyi amma ya rage mini faci ƙwarai. Sai kuma bin sawun da ƙafafun mutane da na dabbobi suka riga suka share, maimakon raɓawa gefe inda ciyawa take, ko da gefen ya fi kama da wuri mai laushi.

Hunturu kuwa iskarsa daga arewa maso gabas take busowa, wato daidai inda na dosa kowace safiya. A watan Disamba da Janairu sai in ji kamar wani ne ya dafa mini ƙirji yana tura ni baya, yatsuna su ƙandare a kan birki, leɓe ya tsage, ƙura ta cika ido da hanci. Na koyi naɗa rawani in rufe baki da hanci, da sa safar hannu, da shafa man kaɗanya kafin in fita, na kuma ƙara minti 15 a kan lokacin tafiya. Ladan wannan wahala yana zuwa ne da rana, domin iskar da ta hana ni tafiya da safe ita take rako ni gida. Hazo yana da nasa haɗarin a kan kwalta, saboda direba ba ya hango mai keke sai ya zo daf da shi, shi ya sa na daina sa tufafi masu duhu a wannan lokaci. Ƙurar kuma tana haɗuwa da man sarƙa ta zama kamar ƙasar dutsen niƙa tana cin ƙarfe a hankali. Na yi kuskuren malala wa sarƙar baƙin mai da yawa ina ganin gata nake yi mata, sai daga baya na fahimci cewa a wanke ta da kananzir a ɗiga mata mai kaɗan a goge ya fi.

Bazara ta fi kowane lokaci gwada mutum. Rairayin da damina ta danne yana sakewa, har akwai wani wuri mai tsawon kamar taku ɗari biyu da ba na ma gwada hawa, sauka nake yi in tura, domin na taɓa dagewa tayar gaba ta nutse na faɗi a gaban wasu mata masu ɗiban itace. A watan Afrilu zafi yana haura digiri 40, kuma lokacin tashi daga makaranta shi ne tsakiyar garjin rana. Azumin 2024 da na 2025 duk sun faɗo a watan Maris, kuma a na farkon na yi gangancin kama hanya da zarar an tashi, na isa gida jiri yana ɗibata, har maiɗakina ta ce in dai haka za a yi gara a sayar da akuya a zuba wa babur mai. Daga baya na sauya tsari: ina zama a makaranta in yi Azahar, in duba littattafan yara in shirya darasin gobe a ƙarƙashin darbejiya, sai bayan La'asar in tuƙo a hankali. Abin mamaki shi ne a wannan wata ne na daina kai aikin makaranta gida. A sauran ranaku kuwa ba na rabuwa da gorar ruwa, kuma na lura cewa koko da ƙosai kafin fita sun fi riƙe ni a kan shayi da burodi.

Damina ita ce mai sa mutum ya zama mai duban sama. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, kuma idan ya haɗo da sassafe to da shi zan yi karo, saboda haka nakan tsaya a ƙofar gida in dube shi kamar yadda manomi yake yi kafin in yanke shawarar fita ko jinkirtawa. Littattafai da rajista suna cikin leda biyu, rigar aiki ma a leda take, ina tuƙi da tsohuwar riga in sauya idan na isa. Taɓon fadama yana cushewa tsakanin taya da madigadi har keke ya ƙi motsi, sai an sa tsinke an ƙwaƙule, birkin ƙarfe kuma idan ya jiƙe ba ya kamawa da wuri, dole a fara matsa shi tun daga nesa. Ƙasarmu ta bakin kogin Haɗeja ce, kuma wanda ya ga ambaliyar 2022 a Ringim ya san yadda ruwa yake raba ƙauye da ƙauye. A nan keke ya nuna mini wata fa'ida da ban yi tsammani ba: inda ruwa ya yanke hanya masu babur suna tsaye suna neman samarin da za su ɗauka musu, ni kuwa sai in naɗe wando in saɓa nawa a kafaɗa in haye.

Duk da haka, abin da nake tsoro har yau ba ƙaya ba ce ba kuma ruwa ba, kwalta ce. Yawancin direbobi ba sa lissafa mai keke a cikin masu haƙƙi a kan titi, musamman ranar kasuwa, lokacin da motocin dabbobi da na hatsi suke rige-rige. Sau ɗaya wata babbar mota ta wuce ni kusa ƙwarai har iskarta ta jefa ni cikin kwalbati, na kuje gwiwar hannu, direban ko waiwaye bai yi ba. Tun daga nan idan na ji ƙugin babbar mota a bayana, kuma ga wata tana tahowa ta gaba, sauka nake yi daga kwaltar gaba ɗaya, ba na jayayya da wanda ƙarfensa ya fi nawa. Na sa madubi a hannun hagu, na liƙa abin ƙyalli a madigadin baya, na ɗaura tocila mai caji a gaba, kuma ina ƙoƙarin kada Magariba ta same ni a kan titi.

Akwai kuma maganar mutane, wadda kafin in fara ita ce ta fi damuna. A wurinmu malamin da ya sauko daga babur ya koma keke ana ganin kamar karayar arziki ce ta same shi, kuma a makon farko an yi ta yi mini jaje a fakaice. Inna da kanta ta kira ni gefe ta tambaye ni ko bashi ne ya yi mini yawa. Yara suna dariya idan sun hango ni ina haki, wani ɗan ajina ma ya ce kekensa ya fi nawa sabunta, kuma gaskiya ya faɗa. Maganar ba ta yi wata biyu ba ta mutu, domin kowa yana fama da abin da nake fama da shi, kuma kafin shekara ta zagayo kekunan malamai uku ne suke jingine a gindin darbejiyar makarantarmu. Hedimasta, wanda da farko yake yi mini kallon tausayi, shi ne ya fara cewa a taron malamai Malam mai keke ya fi masu babur sammako, kuma dalilin ba ƙwazo ba ne: wanda ya san tafiyarsa ta minti 45 ce ba ya wasa da lokacin fita, kuma ba ya tsayawa neman mai ko bashin kuɗin mai da sassafe.

Ba zan ce keke ya dace da kowa ba. Abokiyar aikinmu da take zuwa daga nesa da goyo ba ta da wannan zaɓi, ga kuma al'adar da ba ta saba ganin matar aure a kan keke ba, saboda haka har yanzu rabin hankalinta yana kan kuɗin acaɓa. Wanda tafiyarsa ta kai kilomita 25, ko mai ciwon da ba ya son wahala, shi ma maganarsa daban ce. Ni kaina ban sayar da babur ɗin ba. Yana nan a zaure domin ranar da za a kai mara lafiya asibiti ko a je ta'aziyya nesa, kuma ranar da jikina ya ƙi, shi nake hawa ba tare da jin na yi laifi ba. Kuɗin da a da yake tafiya a tanki shi ne na tara na sayi taki a daminar bara, tumbin da na fara ajiyewa kuma ya zube har sai da tela ya rage mini wanduna biyu. Na san gonar kowa a kan wannan hanya yanzu, na san wanda ya yi shuka da wuri da wanda ya makara, domin mai keke ba ya wuce mutum ba tare da sallama ba, kuma iyayen yara da dama a bakin gona suke tare ni su tambayi karatun 'ya'yansu. Tayar baya ta soma suɗewa, Baba kuma ya ce kada in bari ruwan farko ya sauka ban canza ta ba, don haka ranar Lahadi mai zuwa, in Allah ya kai mu, Gujungu zan nufa.