Ƙarin huhun ƙanwata da aka yi ta yi wa maganin tibi

Wallahi har yanzu in na tuna wata shidan da ƙanwata ta yi tana haɗiyar maganin tibi alhali ba shi ke damunta ba sai raina ya ɓaci. Tari ne da ita da wani fito-fito a ƙirji ɓangaren dama kawai, wani lokacin kaki ya fito da ɗan jini. Wani asibitin kuɗi nan kusa da mu a Agege, Legas, suka ɗau hoton ƙirji na eksire suka ga duhu, shi ke nan aka ce tibi ne, duk da gwajin kaki na GeneXpert bai nuna komai ba. Kafin nan ma asma aka ce, tana ta fama da abin shaƙa a jaka.

Na san tibi ya yi yawa a ƙasar nan, ban ga laifin wanda ya fara zarginsa ba. Amma yarinya ta gama magani tas, fitsarinta kullum ja saboda ƙwayoyin, ga rama, nimoniya kuma ta sake dawowa a waje ɗaya dai ɗin nan, ai ya kamata wani ya ce a duba da kyau tun da wuri.

Sai da muka samu likitan huhu. Yana jera tsofaffin hotunan a jikin fitila ya ce malam duba, kullum nan ne, akwai abin da ya toshe hanyar iskar. Ya rubuta siti sikan, wato hoton da ke nuna cikin ƙirji dalla-dalla fiye da eksire, amma ya ja layi a ƙarƙashi, wanda ake yi da ruwan allura ta jijiya mai sa hoton ya fito sosai, kuma a fara gwada ƙoda. Nan fa abin ya bayyana, wani ɗan ƙari zagayayye a bakin bututun iska, ya sha ruwan allurar ya yi haske saboda yawan jijiyoyin jinin da ke cikinsa, huhun da ke bayansa kuma ya lotsa. Ashe lotsawar nan ce eksire yake ta nunawa, shi ƙarin kansa ya ɓuya.

Sunansa kasinoyid, dangin ƙarin da ake ce wa niyuro-endokirin, wato masu tasowa daga ƙwayoyin jikin da ke fitar da sinadaran homon. A cikin kansar huhu ɗari bai wuce 1 ko 2 ba, kuma ba sai mai shan sigari ba, matasa ma yana kama su. Wani ɗan uwa ya dage mu nemi fet sikan, wato hoton da ake ɗauka bayan an yi allurar wani sinadari don a ga inda kansa take, likita ya ce a'a ku bi a hankali, wanda aka saba yi da sukari ake yinsa, shi kuma irin wannan ƙarin mai tafiyar hawainiya sau da yawa ba ya jan sukarin sosai, sai a ga kamar lafiya lau. Fet sikan ɗin da ya fi kama shi wanda ake yi da wani sinadari mai suna galiyom-68 DOTATATE ne, ba kuma ko'ina ake samu ba. Mu dai ba mu yi ba.

Hoto kaɗai ba ya yanke hukunci, sai da aka zura mata kyamara ta hanci aka ɗebo ɗan nama, sun tanadi komai saboda abin yana saurin zubar da jini. Sakamako ya ce mai sauƙin ne, alhamdulillahi. An yi aiki an cire ɓangaren huhun, kuma likitan tiyata ya faɗa mana gaskiya, toshewar da ta daɗe ta riga ta lalata naman wajen. Wannan maganar ce take cina, wata shida fa.

In ɗan uwanka na fito-fito a ƙirji ɓangare ɗaya, ko nimoniya na maimaita waje ɗaya kuma kaki bai nuna tibi ba, ka roƙi likita ya tura ku wajen likitan huhu a yi maganar siti sikan. Kuma kar ka yar da tsohon hoto ko ɗaya, ka karɓi faifan sidi ɗin ba takardar sakamako kaɗai ba, don za a ci gaba da bibiya shekaru kuma kowane sabon hoto da tsohon ake gwada shi.