Zumata tana da mai ita, sauran ƙwarin fa?

Duk wanda ya ji ina kiwon zuma sai ya ce madalla, ai ina ceton ƙwarin da ake cewa suna ƙarewa. Nakan yi godiya, amma maganar ba haka take ba.

Ƙudan zumar amya dabbar gida ce, kamar kaza. Fure ya yanke, in dama musu sukari da ruwa. Sarauniya ta tsufa, in sauya ta. Amya ta yi ƙarfi, in raba ta biyu. Shi ya sa alƙaluman FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ke nuna amyoyi a duniya ƙaruwa ma suke yi. Amma jinsin ƙudan zuma ya kai wajen 20,000, kuma galibinsu ba su da amya. Macen ita kaɗai take haƙa raminta a ƙasa, ko ta shige busasshen kara ta yi ƙwai. Wa zai dama wa wannan sukari?

A 2017 masu nazarin ƙwari na Krefeld a Jamus suka fitar da abin da tarkunansu suka kama a wurare 63 da aka keɓe don kare halittu. Jimillar nauyin ƙwari masu tashi da aka kama ta ragu da fiye da kashi 75 cikin 100 a shekara 27. Kusan duk wuraren gonaki ne suka kewaye su.

Ni a bakin amya nake karanta nawa labarin. Ƙudan sukan dawo da garin fure maƙale a ƙafafun baya, wani rawaya, wani ja, wani toka-toka. Yanzu na 'yan makonni launi ɗaya nake gani, na shukar da ta mamaye gonaki, daga nan sai su dawo ƙafa wayam. Washegarin feshi kuwa sai in tarar da su zube a ƙasa, harshe a waje, suna karkarwa.

Tarayyar Turai ta hana amfani da magungunan kashe ƙwari na neonicotinoid guda uku a fili tun 2018, kuma ta kyauta. Sai dai a ganina yunwa ta fi guba ɓarna, don maganin ciyawa ba ya barin ko furen gefen gona.

Ba na ganin laifin manomi. Shi ma tsutsa ce ke cin guminsa. Roƙona gare shi biyu ne: ya bari sai yamma ta yi kafin ya yi feshi, ya kuma ƙyale ciyawar shinge ta yi fure. Ni kuma na daina ƙara amya, domin ƙudan amya ɗaya sukan kai 50,000, kuma furen da na daji ke nema shi nawa ke kwashewa.