Sa hannuna ne a takardar

Ranar Juma'a na miƙa makullin firij, na bar lab, wato ɗakin gwaje-gwajen cututtuka, bayan shekara tara. Yaran da ke koyon aiki a wurinmu sun ce in bar musu wani abu a rubuce. To ga shi.

Cikin azumin 2020, lokacin annobar korona, abin ya faru. Kun dai tuna yadda Zariya take: tun ƙarshen Maris aka kulle jihar Kaduna, Gwamna El-Rufai kansa ya kamu, Kwangila da ba ta barci ta yi tsit, ga labarin mace-macen Kano kullum a kunne. Samfura na ta zuwa cikin kula da ƙanƙara, sinadarin gwaji kuwa kamar zinare.

Wani dare bayan tarawihi na ɗora farantin samfura mai ramuka a injin PCR, na'urar da ke gano ƙwayar cutar. Cikin ramukan nan 96 akwai wanda ruwa zalla muke zubawa, don ya zama shaida cewa aiki bai gurɓata ba. A daren nan shi ma ya nuna korona. Ko ɗalibi ya san hukuncin: a zubar da sakamakon duka, a goge teburi, a sake daga farko.

Na kira Oga. Ya ce, "Kai, daga sama sun hana ni sakat da waya. Da wane sinadarin za ka sake? Can ƙarshen gwajin alamar ta ɗan taso, ba komai ba ne. Sa hannu ka tura." Na ce, "Ranka ya daɗe, mutum bakwai fa ya nuna." Ya ce shekarunsa a aikin sun kusa na haihuwata. Na sa hannu.

Barci ya ƙi. Bayan asuba na ɗauko ragowar samfuran, na sake gwajin ba tare da izinin kowa ba. Huɗu cikin bakwai ɗin lafiyarsu ƙalau. Amma kafin in gama, mota ta riga ta shiga unguwanni da jiniya. Ɗaya daga cikin huɗun mai shayi ne a Tudun Wada. A gaban jama'a aka ɗauke shi, aka kai shi wurin killacewa cikin masu cutar gaske. An sallame shi daga baya, sai dai wa zai sha shayin "mai korona"? Teburin nan bai sake tashi ba.

Da magana ta fito, ni aka ba takardar tuhuma, har laifi biyu: tura sakamako mara inganci, da ɓarnar sinadari ba izini. Oga ya ce bai tuna wata waya ba. Ban yi musu ba, sa hannuna ne a takardar, nasa babu. Tun daga ranar, duk wanda ya umarce ni da baki nakan tura masa littafi in ce, "Taimaka ka rubuta." Sun ce na cika taurin kai. Wannan taurin kan ne ya sa ba a sake dawo mana da faranti ko ɗaya ba har annoba ta lafa.

Sauran ƙanana ne. Ku rubuta lamba a jikin kwalba kafin ku sa tsinke a hancin mutum, domin masu suna ɗaya har da na uba sun yi yawa a garin nan. In an ɗauke wuta, firij za ku fara dubawa, ba waya ba. Sakamakon "babu" ba ya wanke mai tari da zazzaɓi, wataƙila tsinken ne bai kai ciki ba. Kada kuma sabuwar cuta ta mantar da ku maleriya da tarin fuka. Injin gwaji na GeneXpert da aka ara wa korona, na masu tarin ne tun asali.

Oga ya samu ƙarin girma bayan shekara biyu, na je walimar. Takardar tuhumar tana nan a fayil ɗina, na ganta ranar da na je sa hannun sallama.