Binciken kammala digiri a kasuwar Mile 12

Alhamdulillahi, jiya na miƙa kundin bincikena a Jami'ar Legas da ke Akoka. Na yi shi ne kan 'yan kasuwar tumatir da albasa na Mile 12, inda manyan motoci ke sauke kayan gwari daga Arewa.

Ƙannena ɗalibai 'yan aji uku, ku fara tunanin batunku tun yanzu, kuma ku taƙaita shi. Da malamin da ke duba aikina ya ce in tsaya kan kasuwa ɗaya da kaya iri biyu, na ga hikimarsa sosai. Babi na ɗaya da na biyu aikin zama ne a laburare. Babi na uku, wato hanyar tattara bayanai, shi ne ke cin lokaci da kuɗi.

Ba a shiga kasuwa kai tsaye da takardar tambayoyi. Sai da na gaisa da shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwar, na nuna musu wasiƙar sashenmu, sannan mutane suka saki jiki da ni. Tambayoyin ma da Hausa na yi musu baki da baki, domin da yawa ba sa son cike takarda. Da sassafe ana tsakar ciniki, babu mai sauraronka, sai bayan azahar. Ga cunkoson hanyar Ikorodu, dole a saka shi cikin lissafin lokaci.

Kowane dare ina tura abin da na rubuta Google Drive saboda matsalar wuta. Saura kare aikin gaban malamai, ku sa ni a addu'a.