Yadda muka mayar da haƙƙin ƙirƙira daga hannun injiniyoyi zuwa sunan kamfani

Da masu zuba jari suka nuna sha'awar kamfaninmu, abin da lauyansu ya fara nema shi ne hujjar cewa kamfanin ne ya mallaki na'urar da muke ƙerawa, kuma ni aka ɗora wa alhakin tattara takardun. An shigar da buƙatar haƙƙin ƙirƙira (patent), wato ikon hana wasu ƙera ko sayar da abin ba da izini ba, a Amurka da sunayen injiniyoyi uku tun kafin a yi wa kamfanin rajista, saboda haka a idon doka su ukun ne masu abin. A Amurka haƙƙin yana farawa ne daga hannun wanda ya yi ƙirƙirar, kuma biyan albashi kaɗai ba ya mayar da shi ga kamfani, sai da rubutacciyar yarjejeniya.

Biyu daga cikinsu ma'aikatanmu ne, kuma a takardar ɗaukarsu aiki akwai sakin layi da ke cewa sun amince za su miƙa duk abin da suka ƙirƙira. Lauyan ya ja layi a ƙarƙashin "za su miƙa", ya ce wannan alkawari ne kawai, har yanzu komai bai fita daga hannunsu ba. Ya kafa hujja da shari'ar Jami'ar Stanford da kamfanin Roche, wadda ta kai Kotun Ƙolin Amurka a 2011. Wani mai bincike ya sa hannu cewa zai miƙa wa jami'ar haƙƙinsa, daga baya ya sa hannu a takardar kamfanin Cetus wadda ta ce ga shi ya miƙa nan take. Kotun ɗaukaka ƙara ta fifita takarda ta biyu, Kotun Ƙoli ba ta rushe hukuncin ba, jami'ar kuwa ta kasa hana Roche, wanda ya sayi haƙƙoƙin Cetus, amfani da fasahar auna ƙwayar cutar HIV a jini. Muka rubuta sabuwar takarda mai miƙawa kai tsaye, ma'aikatan suka sa hannu ba tare da gardama ba.

Na ukun ne ya ɗauki lokaci, domin ɗan kwangila ne da ya gama aikinsa ya kama gabansa. Wani abokin aikina ya ce tunda biyu sun miƙa nasu ai rinjaye yana hannunmu, amma a wannan fage rinjaye ba ya aiki. Dokar Amurka ta ba kowane abokin tarayya damar amfani da ƙirƙirar, ko ba wani izinin amfani da ita, ko da abokin hamayyarmu ne, ba tare da neman yardar sauran ko raba musu riba ba, sannan bisa al'ada ba a iya kai mai satar fasaha kotu sai dukan masu haƙƙin sun shiga ƙarar.

Da muka zauna da shi, ya karanta takardar da alƙalami a hannu, ya tsaya a shafi na farko ya tambaya ko za a cire sunansa. Na bayyana masa cewa mallaka ce kawai ke sauya hannu, sunansa kuwa yana nan a matsayin mai ƙirƙira muddin takardar haƙƙin ƙirƙirar tana nan. Daga nan maganar ta koma kan kuɗi, kuma ban ga laifinsa ba, tunda ya san abin da ke hannunsa kuma ya san muna cikin gaggawa. Da an gabatar masa da wannan takarda ranar da ya karɓi kwangila, da ta wuce cikin sauran sharuɗɗa.

A takardar ƙarshe mun rubuta lambar buƙatar da ranar shigar da ita, muka haɗa da duk buƙatun da za su tsiro daga gare ta, da haƙƙin fifiko na wata 12 da Yarjejeniyar Paris ta 1883 ta tanada don shigarwa a wasu ƙasashe, da ikon neman diyyar keta haƙƙin da ya faru kafin miƙawar, domin wannan ba ya bin mallaka sai an ambace shi ƙarara. Mun kuma sa masa sharaɗin sa hannu a takardun gaba idan an buƙata.

Bayan sa hannu muka yi rajistar miƙawar a ofishin haƙƙin ƙirƙira na Amurka ba tare da jinkiri ba, saboda idan wata uku suka wuce ba a yi ba, wani ya saya da kuɗinsa kafin rajistar bai san da tamu ba, to nasa cinikin ne zai tabbata. Don buƙatar da muka shigar a Turai sai da wakilin kamfani ya sa hannu shi ma, domin can ana buƙatar sa hannun ɓangarorin biyu.