Yadda Na Yi Kiwon Tsutsa Har Ta Yi Fiffike

Tambaya ɗaya ce ta jefa ni cikin kiwon tsutsotsi: tunda fatar ƙwaro tauri gare ta, kuma ita ce ƙashinsa, to ta yaya yake girma a cikinta? A littafi amsar gajeriya ce, wai saɓa yake yi. Amma na so in gani da idona. Sai na tanadi kwalabe masu faɗin baki, na ɗaure bakinsu da yadi mai shara-shara don iska ta riƙa shiga, na shiga bin sabon tohon lemo ina neman ƙwan wani malam-buɗe-littafi baƙi mai ɗigo-ɗigon rawaya, wanda masana ke kira Papilio demodocus. A wani akwati daban kuma na ajiye 'yan fari ƙanana da ba su yi fiffike ba, don in riƙa kwatanta su da tsutsotsin.

Uwar ba ta tara ƙwanta wuri guda. Ɗaya-ɗaya take liƙa shi a kan ganye mai taushi, zagayayye, faɗinsa bai wuce milimita ɗaya da 'yan kai ba. Idan ya kusa ƙyanƙyashewa sai ya yi duhu. Abincin farko da jaririyar tsutsa ke ci shi ne ɓawon ƙwan da ta fito daga ciki, sannan ta koma kan ganye. Kamanninta a wannan lokaci abin dariya ne: baƙi-baƙi da ruwan ƙasa, da farin dabbare a tsakiyar baya, tana ɗan sheƙi, sak kashin tsuntsu. Shi ya sa ba ta ɓuya. A fili take kwanciya a saman ganye, domin babu tsuntsun da zai sauko ya tsinci kashin ɗan'uwansa.

Bayan 'yan kwanaki tana ci ba ƙaƙƙautawa, sai kawai ta daina. Ta saƙa 'yar shimfiɗar zare siririya a kan ganyen, ta kafa ƙugiyoyin ƙafafunta na baya a ciki, ta yi tsit. Wanda bai sani ba zai ce ciwo ne ya kama ta, hannunsa ya yi ta ƙaiƙayin ya taɓa ta, ko ya ɗauke ta ya kai kan sabon ganye. Wannan taimakon shi ne ke kashe ta. Shimfiɗar zaren nan ita ce za ta riƙe tsohuwar fata lokacin da tsutsar za ta zare jikinta daga ciki. In an ɓamɓare ta daga wurin, ba lalle ta iya saƙa wata ba, sai fatar ta maƙale mata a gindi, ta bushe, ta shaƙe ta. Dabarar da na bi ita ce in ajiye sabon ganye kusa da ita in tafi abina. In kuma dole ne in share kwalbar, sai in yanke ganyen da take kai da almakashi in ɗauke su tare.

Alamar da ke bambanta mai shirin saɓa da marar lafiya tana a ka. Za ka ga kan ya ƙanƙance, ya turo gaba kamar zai ɓalle, bayan wuya kuma ya kumbura. Sabon kai ne ya fi ƙarfin tsohon ƙoƙo, ya ja da baya yana ginuwa a nan. Marar lafiya kuwa laushi take yi, ta saki jiki, wani lokaci ta riƙa zubar da ruwa.

Shirun nan da take yi, a lokacin ne ake babban aikin. Naman da ke ƙarƙashin fata yana rabuwa da tsohuwar fatar, ya zuba wani ruwa a tsakaninsu. Sai ya fara shimfiɗa sabuwar fata, kuma sai samanta ya kafu tukuna ruwan ke soma aiki, don kada ya ci sabuwar. Ruwan yana narkar da cikin tsohuwar fata, wadda aka gina da wani sinadari mai suna kaitin haɗe da furotin, jiki ya tsotse abin da ya narke ya sake amfani da shi. Abin da ake yarwa a ƙarshe ɗan ɓawo ne kawai. Ita kuwa sabuwar fata a yamutse ake yin ta, kamar rigar da aka ɗinka wa yaro da girma don ya tarar da ita.

Fitar kanta ba ta ɗaukar lokaci, mintoci ne, shi ya sa kama ta ke da wuya. Tsutsar ta riƙa matse jiki daga baya zuwa gaba, fatar ta tsage a bayan kai, ta yi ta zamewa baya har ta tattaru a gindi. Da gilashin ƙara girman abu na ga wasu fararen zarurruka suna fita daga 'yan ramukan da ke gefen jikinta. Rufin cikin bututun numfashinta ne. Ƙwaro ba shi da huhu, ta waɗannan ramuka iska ke shiga, kuma cikin bututun ma fata ce, don haka tare ake tuɓe su. Haka rufin farkon hanji da na ƙarshensa. Daga nan ta goge tsohon ƙoƙon kai a jikin ganye ya faɗi, ta huta har bakinta ya yi ƙwari, sannan ta juyo ta cinye fatar da ta tuɓe.

Ƙoƙon kan ne kawai ba ta ci, ni kuwa shi ya fi yi mini amfani. Na riƙa shimfiɗa farar takarda a ƙasan kwalba ina tsince su da ɗan jiƙaƙƙen buroshi, ina liƙa su a jere. Tsawon jiki ba abin dogaro ba ne wajen sanin zangon da tsutsa take ciki, wato matakin girmanta tsakanin saɓa da saɓa, domin jikinta mai taushi ne, yana miƙewa in ta ƙoshi, yana takurewa in ta tsorata. Kai kuwa daga saɓa zuwa saɓa ba ya ƙara ko kaɗan. Wani masani ɗan Amurka, Harrison Dyar, ya auna kawunan tsutsotsi ya wallafa a 1890 cewa faɗin kai yana ƙaruwa ne da kusan ninki iri ɗaya a kowace saɓa, sau da yawa wajen 1.4. Ba doka ba ce da babu saɓani, amma tana da amfani: in ka jera ƙoƙunan ka ga wani tsalle ya yi yawa, to akwai saɓar da ta wuce ka ba ka gani ba. Wannan tsutsa zango biyar take yi kafin ta kwanta don rikiɗa. Tsutsar ƙuda uku, ta sauro huɗu.

A zango na biyar ne ta ba ni mamaki. Ta shiga saɓa da kamannin kashin tsuntsu, ta fito koriya shar da ratsi-ratsi. Dalilin a bayyane yake, ta yi girman da ƙaryar ba za ta ƙara ɓoye ta ba, sai ta koma sajewa da ganye. In aka dame ta, sai ta fito da wani abu mai reshe biyu launin ruwan lemo daga bayan kanta, mai wari ƙwarai. Ci kuwa sai wanda ya gani. Mafi yawan ganyen da za ta ci a rayuwarta a wannan zango take cin sa, kuma nan ne aikin mai kiwo ke yawa: sabon ganye kullum, kwashe kashi kullum, kuma kada a bar raɓa ta taru a jikin kwalba, domin danshi da kashi in suka haɗu fumfuna da cuta ke biyo baya. Ganyen ma sai an san inda aka tsinko shi. Wasu magungunan feshi ba sa kashe ƙwaro nan take, saɓarsa suke lalatawa, wasu ta hana jiki yin kaitin, wasu ta dagula sinadaran da ke ba da umarni. Tsutsa za ta ci irin wannan ganye lafiya lau, sai ranar saɓa ta kasa fita.

Sinadaran nan su ne amsar abin da na yi ta tunani a kai: me ya sa saɓa huɗu suka ba da tsutsa, ta biyar ta ba da wani abu daban? Tsakanin 1917 da 1922 Stefan Kopeć, ɗan ƙasar Foland, ya riƙa ɗaure tsutsa da zare a tsakiyar jiki. In ya ɗaure da wuri, gaban ne kawai ke rikiɗa, bayan ya tsaya a tsutsa, abin da ya nuna cewa saƙon daga ƙwaƙwalwa yake fitowa ya bi jini. A shekarun 1930 Vincent Wigglesworth na Ingila ya yi aiki da wani ƙwaro mai shan jini na Kudancin Amurka, ya gano akwai wani sinadari na biyu da ke riƙe ƙwaro a ƙuruciya. A 1954 kuma Adolf Butenandt da Peter Karlson a Jamus suka tace sinadarin saɓar kansa, ekdaison: miligiram 25 kacal daga kilo 500 na kwantattun tsutsar siliki. Taƙaicewar ke nan, ekdaison ke cewa a yi saɓa, sinadarin ƙuruciya ke cewa a fito da wace kama. In sinadarin ƙuruciya yana da yawa a jini, tsutsa ta sake fitowa tsutsa. Ya ja baya, rikiɗa ta zo.

Kafin ta kwanta, sai ta daina ci, ta zubar da abin da ya rage a cikinta da ruwa-ruwa, ta shiga yawo. Nan ne ake saka mata ɗan ƙirare a tsaye. Ta liƙa gindinta a jiki, ta saƙa ɗamarar zare ta zagaye bayanta, ta ɗan lanƙwashe ta takure. Kwana ɗaya ko biyu ta tuɓe fatar ƙarshe, sai ga abin da masana ke kira fufa, ba ido a fili, ba ƙafa, ba baki. Wasu kore suke fitowa, wasu ruwan ƙasa, galibi gwargwadon wurin da suka maƙale. Ana yawan cewa jikin narkewa yake yi gaba ɗaya ya zama ruwa, ni dai ina ganin an zuzuta maganar. Gaskiya ne tsokoki da yawa suna rushewa, amma jijiyoyi da bututun numfashi gyara su ake yi, fukafukai kuwa tun tana tsutsa akwai 'yan tushensu a ɓoye ƙarƙashin fata. In ka duba gefen fufa da kyau za ka ga zanensu.

Ba kowace fufa ce ke ba da malam-buɗe-littafi ba. Cikin tsutsotsin da na tsinto sun riga sun girma, akwai waɗanda suka yi baƙi, daga baya ƙananan zanzaro ko wani ƙuda mai gashi ya fito daga ciki. Tun a kan bishiya aka saka musu ƙwai a jiki. Shi ya sa na fi son farawa daga ƙwai. Masu lafiya kuwa, bayan kamar mako biyu in da ɗumi, ɓawon ya yi garai-garai har ana hango baƙi da rawayan fiffike, yawanci da safe ya tsage. Malam-buɗe-littafin yakan fito da ƙaton ciki da fukafukai a cukurkuɗe, ya rataye, ya tura jini cikin jijiyoyinsu su buɗe, sannan su bushe. Dole ya samu abin kamawa da sarari a ƙasansa. In ya faɗo kan gilashi mai santsi fukafukan suka bushe a lanƙwashe, sun tafi ke nan. Ruwan da yake ɗigarwa mai launin ƙasa ba jini ba ne, dattin da ya taru ne tun yana kwance.

Fari ba su da duk wannan zagaye. Ɗan fara tun ƙyanƙyasa fara ne, sai dai babu fiffike, kuma kowace saɓa 'yan tohon fukafukai a bayansa suna ƙara tsawo. A rataye yake saɓa, kai ƙasa, yana haɗiyar iska don ya kumbura ya fasa fatar, saboda haka akwati marar tsayi yana naƙasa shi. Na kuma koyi rage cunkoso, don 'yan'uwansa ba sa jin kunyar gutsurar wanda jikinsa bai yi ƙwari ba.

Da zarar fiffike ya cika, saɓa ta ƙare, girma ma ya ƙare. Ƙaramin ƙuda ba ɗan babban ƙuda ba ne, ko dai wani iri ne daban, ko kuwa bai ƙoshi ba yana tsutsa. Ƙwarin bakin ruwa na dangin Ephemeroptera ne kaɗai ke ƙara saɓa ɗaya bayan sun yi fiffike, sai ƙwaron nan mai sheƙin azurfa da ke cin takarda, wanda ba ya fiffike sam, yana ta saɓa har mutuwarsa. A kwalabena ma na ga haka: tsutsotsin da suka tashi a kan tsohon ganye mai tauri sun kwanta da ƙaramin jiki, kuma malam-buɗe-littafin da suka bayar fukafukansa ba su kai na waɗanda suka ci sabon toho faɗi ba.